Minti Ashirin a Bakin Taga

In ka tambayi mutanen layin ko wane ne Auta, kowa da amsar da zai ba ka.

Mai aski cewa yake yi yaron kirki ne, sai dai an yi asarar karatu, ya gama makaranta ya dawo ya shige ɗaki kamar amarya. Mai shagon kan kwana kuwa rage murya yake yi, ya ce shi dai bai san sana'ar da ake yi da ƙofa a rufe ba, ga shi kullum ana jiyo shi yana lallashin mata a waya, kuma ruwa ba ya tsami banza. Matan layin nasu ya fi sauƙi. A wurinsu Auta shi ne namijin da ake samu a gida, don haka shi ake bar wa mukulli, shi ake ce wa ya kwashe shanya in hadari ya taso, shi zai tsaya wa mai gyaran famfo. Su suka laƙaba masa Zauna-gida, sunan kuwa ya zauna daram.

Mahaifiyarsa, Inna, ita kaɗai ke cewa, "Aiki yake yi." In an ce wane aiki, sai ta ce, "Magana." Sai a yi dariya.

Gaskiya ta faɗa. Auta yana amsa kiran kwastomomin wani kamfani da ke sayar da injin wanki da firji da murhun lantarki. Daga takwas na safe zuwa huɗu yana kan tebur ɗaya a jikin taga, iyafis a kunne, kwamfuta a gaba, ya rataya bargo biyu a bayan ƙofa don su sha hayaniyar gida. Kowane kira naɗarsa ake yi. Dokokin ba su da yawa amma ba su da wasa: ba a barin kwastoma shi kaɗai a kan layi, ba a jin wata murya a bayan taka. Gargaɗi uku, sallama.

Wata Talata, yana cikin hutun minti goma sha biyar, ya ji an ƙwanƙwasa gilashin taga. Ya zuge shi da fushinsa a shirye.

Budurwa ce doguwa, da farar rigar aiki a kan kayanta, ta ɗago mukulli da yatsa biyu.

"Sannu da hutawa. Nan ne wurin Zauna-gida? Goggona ta gidan can mai koren ƙyaure ta ce in bar maka wannan."

"Ba hutawa nake yi ba," ya ce. "Kuma ba sunana ke nan ba."

"To yi haƙuri. Sunan da aka ba ni na kawo."

Ya miƙa hannu ya karɓa. Ba ta tafi ba. Ta ɗan karkata kai tana duban fuskarsa, duban da ya sa ya shafa kumatu ko wani abu ne ya maƙale.

"Awa nawa kake kallon allon nan a rana?"

"Takwas."

"Shi ya sa. Idonka ya yi ja, kuma tun ɗazu kanne na hagu kake yi. Da yamma kanka na sarawa ta nan, ko?" Ta taɓa gefen goshinta.

"Likita ce ke?"

"A shagon tabarau nake aiki, na bakin babban titi. Ka zo a auna ka." Ta gyara jakarta, har ta juya, sai ta ƙara da cewa, "Ai kuwa Goggo ta yi maka sharri. Mai zaman banza idonsa ba ya yin haka."

Shekara biyu yana wannan aiki, ba wanda ya taɓa dubansa ya ga gajiya. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sai ƙarar shigowar kira ta dawo da shi.

Ranar Asabar ya je shagon. Ta zaunar da shi, ta sa shi karanta haruffa daga manya zuwa ƙanana, ta gwada masa firam har bakwai. Na farko ta ce ya mayar da shi tsohon hedimasta, na huɗu ta ce kamar ɓarawon da ya tuba. Da ta ɗora masa na bakwai sai ta kawar da kai.

"Wannan fa?" ya ce.

"Wannan ba laifi."

Ya fito da tabarau da lambar waya. Tun daga ranar hutunsa na minti goma sha biyar ya samu mai shi.

"Ƙwayar idona, yau wani ya kira yana faɗa firjinsa ba ya sanyi. Minti goma muna bincike, ashe bai jona shi da wuta ba."

"Allah sarki Na-gida. Ka yi masa dariya?"

"Na ba shi haƙuri."

"Kai ka cire masa filogin?"

"Kowa ya ci ladan kuturu."

"To ka ɗauke ido daga allo, ka kalli nesa na ɗan lokaci. Umarnin ma'aikaciya ne."

"Nesan da nake son kallo tana bakin babban titi."

"Koma aiki, malam, kafin a kore ka in rasa mai ba ni labarin firji."

Wata shida ana haka, Auta ya tura Kawunsa wurin mahaifinta.

Mahaifin nata tsohon direban bas ne, shekara talatin da biyu yana kan sitiyari kafin ya ajiye. Kowa Baba Direba yake ce masa. A karatunsa na duniya, namiji shi ne wanda takalminsa ke cinyewa. Ya karɓi Kawu da mutunci, aka sha shayi, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Ina ofishin yaron?"

Kawu ya yi gyaran murya. "To, ofishin nasa, wato, a gida yake."

"Na gane yana kwana a gida. Da safe ina yake zuwa?"

"Yana nan dai a gidan."

Baba Direba ya ajiye kofi. Ya ce a ba shi lokaci zai yi bincike.

Da Kawu ya kawo labari, Auta ya kusa tsage bargon ƙofa don takaici. "Kawu, me ya sa ba ka yi masa bayani ba? Ba ni kaɗai ba ne fa. Abokina na makaranta daga ɗakinsa yake zana taswirar gine-gine. Wani fassara yake yi. Wani yana koyar da yara lissafi ta bidiyo, yaran ma ba a ƙasar nan suke ba. Duk maza ne, wasu da iyalinsu."

"Ɗana," in ji Kawu, "ni kaina da na je nema maka auren ban gama ganewa ba, ina zan iya ganar da wani?"

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai ɗan wani tsohon abokin aikin Baba Direba, ma'aikacin kamfanin inshora, wanda ko ranar hutu da katin aiki a wuyansa yake yawo, har aka sa masa Mai Kati. Ya daɗe yana zagayen yarinyar, ba ta taɓa ba shi fuska ba. Yanzu sai ya dinga zuwa gaishe da Baba duk yamma, ya zauna yana kukan cunkoson hanya da wuyar oga, Baba yana gyaɗa kai kamar mai jin waƙar da ya sani.

"Na-gida, kada ka damu da Mai Kati," ta rubuto. "Katin Baba yake so, ba ni ba. Ka dai yi haƙuri, Baba ya ce zai zo da kansa ya ga aikin naka. Gani ya kori ji."

"Yaushe?"

"Bai faɗa ba. Ka san shi."

A wannan watan ne kuma aikin ya fara yi masa tangal-tangal. Gargaɗin farko mai tallan magani da lasifika ya jawo masa, ya zo ya kafa a ƙofar gidan. Na biyu maƙwabciya ce ta leƙo ta taga ana tsakiyar kira ta ƙwala, "Zauna-gida! Mai ruwa ya zo?" Shugabar sashensu, wadda suke ce wa Madam, ta kira shi ta ce tana son aikinsa, amma doka ba ita ta rubuta ba. Saura ɗaya. Ta ce kuma za ta dinga shiga kiransa tana saurare ba tare da sanarwa ba. Tun daga nan yake kulle gilashin taga ya sa sakata.

Ranar Laraba, sha biyu saura, Inna ta tafi asibiti awon jini. Gidan ba kowa sai shi. Kira ya shigo, wata mata ce, injin wankinta ya tsaya cike da ruwa, ya kulle ƙofa da kayan makarantar 'ya'yanta a ciki. Tun kafin ya gama gaisuwa ta fara zazzaga masa. A kusurwar allo ɗigo ja ya kunna, alamar Madam na kan layi.

"Ranki ya daɗe, muna ba ki haƙuri. Ina tare da ke har sai ya buɗe. Duba can ƙasa ta dama, akwai ƙaramin murfi."

Sai inuwa ta faɗo kan teburinsa.

Baba Direba ne a bakin taga, cikin fararen kaya da suka sha guga, hula ta zauna, hannu biyu a baya. Ya yi sallama a ƙofa ba a amsa ba, ya zagayo. Ta cikin gilashi Auta ya ga laɓɓansa suna sake sallama.

Auta ya yunƙura zai miƙe, wayar iyafis ta riƙe shi.

"Kana ji na kuwa?" matar ta daka tsawa. "Ruwa na zubo min a ƙafa!"

"Ina jin ki, ranki ya daɗe. Sa roba a ƙasa, ki murɗa a hankali."

Ya dubi ɗigon ja. Ya dubi Baba. Sai ya ɗaga hannu, tafi a buɗe, irin na dakata, ya nuna kunnensa da yatsa.

Fuskar Baba ba ta canza ba.

Auta ya figi takarda, ya rubuta da manyan baƙaƙe, BABA INA KAN AIKI MINTI BIYAR, ya manna a gilashi. Bai sani ba, tabarau ɗin da 'yar ta yanka wa mahaifinta yana cikin akwati tun bara, Baba ya ce shi da ya tuƙa bas shekara talatin da biyu ba ya buƙatar ido huɗu. Abin da ya gani kawai, yaro yana kaɗa masa takarda.

Minti biyar suka wuce. Murfin ya ƙi murɗuwa, matar ta tafi neman filaya, ta ce kada ya kuskura ya ajiye. Goma. Rana ta take, Baba bai nemi inuwa ba. A tsallaken layi mai aski ya fito da almakashi a hannu, mai shago ya jingina da ƙyaure, mata biyu suka tsaya da bokitinsu. Sha biyar. Gumi ya jiƙa bayan rigar Auta. Duk lokacin da ya ɗago ido sai su haɗa, sai ya sake ɗaga hannun, don bai san me zai yi da shi ba.

A minti na ashirin injin ya yi ƙaras, ya buɗe. Matar ta ce, "To," ta kashe ba ko godiya. Ɗigon ja ya mutu, saƙon Madam ya shigo: "Madalla, haka ake so."

Ya fizge iyafis ya fita a guje ba takalmi. Layin ba Baba.

"Ya tafi," in ji mai aski. "Na dai ce masa, Baba kada ka damu, haka yake, mu ma ba ya kula mu."

Da an tashi aiki ƙarfe huɗu ya wanke ƙafa ya tafi, da wataƙila maganar ta mutu a ranar. Amma Auta mutum ne da ya saba warware komai daga kan kujera. Ya zauna ya tsara saƙo mai tsawo, ya bayyana dokar kamfani, da gargaɗi biyu, da ɗigon ja, ya haɗa da hoton takardar ɗaukarsa aiki, ya tura wa wayar Baba. Ya karanta sau uku, ya ga ba inda ya yi kuskure.

Amsar ba daga Baba ta zo ba, daga wurin 'yarsa ta zo.

"Me ka yi wa Baba? Tun da ya dawo bai ci abinci ba. Ya ce a rayuwarsa ɗan sandan hanya kaɗai ya taɓa ɗaga masa hannu haka."

"Na tura masa bayani."

"Ni na karanta masa. Ya ce ya ji. Ka zo gida."

"In ce me? Duk abin da zan faɗa yana cikin saƙon."

"Ka zo ka ba shi haƙuri, Na-gida."

"Laifin me na yi? Da na tashi, da yanzu ba ni da aikin. Sai ya ce ga shi nan, dama ɗan zaman kashe wando ne. Na zauna, na zama marar kunya. Ta ina zan bi?"

"Ban ce ka yi laifi da ka zauna ba."

"To me?"

Ya kife wayar.

Takaicin shekara biyu ne ya taru ya taso masa. Kowa a layin nan ya ci moriyarsa, kowa ya yi masa dariya, kuma shi ne kullum mai ba da haƙuri. Ya rantse a ransa wannan karon ba zai durƙusa a kan gaskiyarsa ba. In fita suke so su gani, zai fita.

Ya roƙi wani abokinsa mai shagon buga takardu ya ba shi lungu a bayan shagon. Kullum bakwai na safe sai ya sa riga mai dogon hannu, ya goya jakar kwamfuta, ya kulle ɗaki. Ya zaɓi doguwar hanya, wadda ta bi ta gaban rumfar da tsofaffin direbobi ke zama kusa da tasha. Ya rage tafiya, ya gaishe su a jimla. Kowa ya amsa, Baba Direba ya amsa a ciki, idonsa na kan titi.

Matan layi suka shiga uku, ba mai karɓar mukulli. Mai aski ya ce Alhamdulillahi, yaro ya samu aiki.

Lungun kuwa azaba ne. Injin kwafi na gurnani, janareta na amsa masa, ga zafi, ga masu leƙowa suna tambayar nawa ake buga shafi. Sati biyu ya yi yana toshe makirfo da tafin hannu. Madam ta kira shi ta ce, "Ban san inda ka koma ba, amma kamar daga cikin injin niƙa kake magana. Ba zan rubuta ba yau. Ka koma inda kake, ko in rubuta."

Ranar da ya kwaso kayansa ya biya ta shagon tabarau. Tana goge gilasai tana jerawa, ba ta bari ba.

"An ce ka zama ma'aikaci," ta ce.

"Don ke na yi."

"Wa ya aike ka? Ni na ce maka ina son mai jaka? Da mai jaka nake so ai ga Mai Kati can, har da igiya a wuya." Ta ajiye tsumman. Idonta ya ciko. "Kullum ka wuce ta gaban Baba, taku goma tsakaninku, ka kasa tsayawa. Ka ɗauki jaka ka zagaye gari, don dai kada ka faɗi kalma biyu."

"Kin fi kowa sanin ba ni da laifi."

"Na sani. Na kuma san tsohon da ya goge kayansa da hannunsa, ya hau mota biyu don ya je ya ga aikinka ya samu abin rufe bakin mutane, ya tsaya a rana ana kallonsa. Shi ma ba shi da laifi. Ni ce a tsakiya kamar gilashin tagar nan taka, kowa ta cikina yake harara."

Kwastoma ya shigo, ta share ido ta juya wurinsa da murmushin aiki. Auta ya fita.

Da yamma saƙonta ya zo.

"Mutanen Mai Kati sun ce za su zo ranar Asabar. Na faɗa wa Baba ba na son sa, ya ce ba zai yi min dole ba. Amma ka sani, ba zan auri wanda ya bar mahaifina a rana ya kasa zuwa ya dube shi ba. Ina son ka, Na-gida. Kada ka sake turo min saƙo. Na gaji da karatu."

Ya rubuta amsa ya goge, ya rubuta ya goge. Kwana uku hutun minti goma sha biyar ya zame masa kamar shekara.

Ranar Juma'a da aka tashi aiki, Inna ta ɗaga bargo ta shigo, abin da ba ta saba ba. Ta zauna a bakin gado tana duban tebur da wayoyi.

"Auta, bargon nan naka ba ya tare komai fa. Ina jin ka daga tsakar gida."

"Na'am, Inna."

"Yau ina tsintar shinkafa na ce bari in ƙirga. Sau talatin da ɗaya ka ce a yi haƙuri. Injin nan kai ka ƙera shi?"

"A'a."

"Kai ka lalata?"

"Inna, wannan ai aiki ne."

"To wancan aure ne." Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Na goge maka shuɗiyar rigar, tana kan igiya."

Ya samu Baba Direba a ƙofar gida, kan benci, yana gyaran wata tsohuwar rediyo, ya kusa sa hanci a cikinta don neman ƙaramin noti. Auta ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa. Labulen tagar falo ya ɗan motsa.

Ya shirya magana tun daga hanya. Da ya buɗe baki, sai muryar aiki ta fito da kanta, sumul, mai sanyi.

"Ranka ya daɗe, da farko muna matuƙar godiya da lokacin da ka ba mu, kuma mun fahimci irin damuwar da..."

"Dakata." Baba bai ɗago ba. "Firji na saya a wurinka?"

Maganar da Auta ya tsara ta watse gaba ɗaya.

Baba ya ajiye sukudireba. "Matar nan da ka tsaya a kanta. Me ya same ta?"

"Injin wankinta ne ya kulle da kaya a ciki."

"Ya buɗe?"

"Ya buɗe."

"Ta gode?"

"A'a. Zagina ma ta yi."

Baba ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci. "Fasinja ke nan. Ko'ina halinsu ɗaya." Ya juya rediyon a hannunsa. "Kwana uku ina fushi da hannun nan naka. A na huɗu uwarta ta ce min, kai fa? Ashe lokacin da nake neman ta, mahaifinta ya taɓa tsayawa a bakin titi ya ɗago min, ni kuma bas cike, ga ƙa'ida ba a tsayawa sai a tasha. Na ɗaga masa hannu na wuce shi da ƙura. Ni har na manta, ita ba ta manta ba." Ya dubi Auta ido cikin ido. "Amma ina ajiye motar ko gida ban je ba, da kakin aikina na tafi na durƙusa masa. Hannunka na gane shi, yaro. Mai riƙe da sitiyari ba ya saki don gaisuwa. Kwana ashirin da ukun nan ne ban gane ba. Ka aiko min takarda kamar kotu. Ka dinga wuce ni da jaka kamar ɗan makaranta, kana tsammani ban san lungun da kake shiga ba."

Auta ya sunkuyar da kai har tabarau ɗinsa ya zamo kan hanci.

"Na ce wa uwarta, ranar da ya zo da ƙafarsa na ba shi. Na hana ta faɗa wa kowa, har ita yarinyar. Da ka kai gobe, baƙina zan sallama, kai ma in sallame ka, ta zauna har Allah ya kawo wani." Ya ɗauki sukudirebansa. "Ka ce wa Kawun naka ya dawo, a sa rana. Ka zauna a ɗakinka ka yi aikinka, wanda ya ce maka Zauna-gida ka ce surukinka ya sani. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'yan da za su fi ka saurin ƙafa."

Daga bayan labule aka ji wani sauti, rabi dariya rabi kuka, da muryar uwa tana cewa, "Ke, matsa daga nan."

Wata biyu bayan haka aka ɗaura auren, layi biyu suka cika, mai aski yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi tun farko ya san yaron zai yi abin kirki. Amarya ta tare, aka yi ta sa albarka har muryoyi suka dushe.

Amma wannan duk daga baya ne. A yammacin nan Auta yana durƙushe bai tashi ba. An ba shi abin da ya zo nema tun bai biya ba, kuma nauyin hakan ya fi na fushin. Ya nemi muryar aiki ya rasa, wadda ta fito tasa ce.

"Baba," ya ce, da ƙarfin da na bayan labule ma za su ji, "na bar ka a rana, kuma na ƙi zuwa. Girman kai ne ya hana ni, ba aiki ba. Na yi kuskure. Don Allah ka yi haƙuri, ka yafe mini."